Daren Gunya a Achida

Ƙarfe ɗaya na dare wayata ta yi kuka.
Muryar yaro ce, tana rawa:
"Likita, Gunya na ta birgima,
tun la'asar ba ta taɓa harawa ba."
Na ɗaure jaka a bayan babur,
na bar Sakkwato tana barci,
na bi hanya da fitila mai ido ɗaya.

Na iske ta kwance gefen turke,
gumi ya jiƙa gezarta sharkaf,
tana ta waiwayen cikinta
kamar an kira sunanta daga can.
Tsoho Maidamma na tsugune,
ya riga ya sa ƙarfe a wuta.
"Lalas za ni yi mata," in ji shi,
"hakanan ubana yay yi, dawaki sunka tashi."
Na ce, Baba, bar ƙarfen ya huce,
fatarta ba ta yi laifin komai ba.

Na ɗaga leɓenta, dasashi ya koɗe.
Na kara abin sauraro a kwiɓinta.
Cikin doki mai lafiya kasuwa ne,
ƙugi da gurnani, ciniki ba ya yankewa.
Nata tsit,
kasuwa ta watse, an bar rumfuna.

Me ta ci?
Nomau ya sunkuyar da kai.
Shekaranjiya ta tsinke dabaibayi,
a juji aka kamo ta bayan mahauta,
tana tauna baƙar leda
mai ƙanshin ƙosan wani.

Allura a jijiyar wuya.
Tiyo ta hanci, a hankali, a hankali,
ruwan ɗumi da mai suka gangara.
Sai na ce a tashe ta.
Mu uku muka ja, ita ta huɗu ta ƙi,
har tsohon ya raɗa mata wani abu a kunne
wanda ba a koya mana a makaranta ba.
Ta miƙe.

Muka yi ta zagaya garka,
daga rijiya zuwa rumbu, daga rumbu zuwa rijiya.
Kyanwar gidan na bin mu da ido ɗaya,
ɗayan ya like da kwantsa;
na goge mata, na ɗiga magani,
ta biya ni da yakushi.

Wajen ƙarfe huɗu tsohon ya zauna,
tari ya turnuƙe shi, ya tofar, ya rufe da ƙasa.
Na ga abin da ya rufe.
Ya nuna abin da ke rataye a wuyana:
"Wanga da kaj ji cikin Gunya da shi,
aza mini nan, ka hwaɗa mini gaskiya."
Na ce ni na dabbobi ne, Baba.
Ya ce, "Shekara goma sha tara muna ɗaukar albasa tare,
in ka iya jin nata, ka iya jin nau."

Na aza.
Ba zan faɗi abin da na ji ba,
ba fagena ba ne.
Na ce gobe ka shiga birni, asibitin mutane.
Ya ce, "Sai ta yi kashi."

Ladan na gyaran murya
Gunya ta tsaya cak, ta ɗaga wutsiya.
Ban taɓa ganin an yi wa kashi kabbara ba
sai ran nan.
Nomau ya tona da kara, ga leda, ga igiyar buhu,
ya ɗaga sama kamar ya tsinci kuɗi.

Ladana rabin buhun albasa.
Na ɗaure a inda jaka take, na rungume jakar,
na matsa gaba a kan babur
na bar wurin mutum ɗaya.
Tsohon ya dubi wurin, ya dubi goɗiyarsa
tana shinshinar dusa,
sannan ya ce wa Nomau ya ɗauko masa hula.